Agogon motsa jiki da bugun zuciya a kan keke

Wato agogonka na nuna bugun zuciya daidai in kana gudu, amma da ka hau keke sai ya rikice, ko ya lalace ne? A'a malam, lafiyarsa ƙalau. Matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsa biyu, ka ɗaure tamau.

Koren hasken bayansa ne ke karanta gudun jini a ƙarƙashin fata, to in ka damƙe kan keke hannu ya lanƙwashe ga gargada na jijjiga shi, dole lissafi ya ɓace. Ni dai a hanyar burji ɗaurewar ma ba ta isar min, sai bel ɗin ƙirji mai auna bugun zuciya da ke haɗuwa da agogon ta Bluetooth, amma fa jiƙa bel ɗin kafin ka ɗaura.