Waƙoƙin 2020 kamar yadda muka ji su a Maraɗi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena mai tambaya, ka ce an ɗaura maka aure a 2020 lokacin da aka hana taro saboda cutar korona, ba a yi kiɗa ba, ba a yi wuni ba, yanzu kuma kana son ka haɗa wa uwargida waƙoƙin da suka yi tashe a shekarar, kana tambayar wacce ce ta fi zama a ran mutane. Allah ya ƙara danƙon ƙauna, ya ba da zuri'a ɗayyiba. Na ga an jero maka sunaye da yawa, sai dai wasu ba na shekarar ba ne, shi ya sa na ce bari in sa baki. Sana'ata cajin salula da tura waƙoƙi a memori, a nan gefen babbar kasuwa, kuma abin da mutane suka riƙa nema da bakinsu shi zan faɗa maka.

Ta farko ita ce Jaruma, ta Hamisu Breaker na Kano. A wannan ba na jin akwai gardama. Wajen ƙaramar Sallah ta ɓarke, daga nan har aka shiga damina in mutum goma suka miƙo mini salula, mafi yawansu ita suke so a fara sa musu. Ɗan kabu-kabu zai tsaya ko mashin bai kashe ba, ya ce a tura masa. Yarinya za ta zo da wayar uwarta ƙulle cikin leda da dala ashirin a hannu, ta ce wai a sa mata "ta rawar nan", ko sunan ba ta sani ba, ni kuwa na gane. Har magidanta masu furfura sun nema, su ce ta iyali ce.

Amma in kana son ka gane dalilin da ya sa ta kama mutane haka, sai ka tuna halin da garin nan yake ciki. Tun watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta mutu, kuma ko da aka buɗe wasu iyakokin a Disamba 2020 ta Jibiya ba ta ciki. Kafin nan, sabuwar waƙa hanya biyu take biyowa ta iso mana. Ko dai direbobi da ƴan kasuwa masu zuwa Kano su dawo da memori cike, mu kwafa, ko kuma mai kiɗan biki ya sake ta a gidan wuni, washegari ƴan mata su cika mana rumfa. Iyaka ta toshe ta farko. Sai ga korona: a ranar 19 ga Maris aka sanar da mutum na farko da ya kamu a Nijar, aka rufe makarantu, aka hana taro, har sallar jam'i aka dakatar sai cikin watan Mayu. Ta biyu ma ta toshe ke nan. Abin da ya rage wa mutane shi ne salular da ke hannunsu, da WhatsApp, da Xender, manhajar tura abu daga salula zuwa salula, tsakanin maƙwabci da maƙwabci.

To Jaruma waƙa ce da ta dace da ɗaki. Kiɗanta ba na gaggawa ba ne, ba ta bukatar fili ko babbar lasifika, kuma mace ake yabo a cikinta daga farko har ƙarshe. Mata suna zaune a gida, mazan da suka saba fita tun asuba su ma suna gida babu kasuwa, sai aka fara ganin bidiyon matan aure suna taka rawa gaban mazajensu a falo, ana sawa a Instagram da Facebook. Malamai sun yi magana sosai a kan haka, a nan ma an yi wa'azi. Ni ra'ayina tun lokacin bai canza ba: mace ta yi wa mijinta rawa a ɗakinta abu ne mai kyau, na kuma san gidajen da wannan ya sanyaya a shekarar da talauci da zaman gida suka sa kowa yake a wuya. Ɗauka a watsa wa duniya shi ne ban yarda da shi ba, kuma ban taɓa tura wa kowa waɗannan bidiyoyin ba, sautin kawai nake sawa. Kai da aka kawo maka amarya a wannan shekarar, ina da yaƙinin ko ba ka nema ba ta ji ta a wurin ƙawayenta.

Bayanta sai waƙoƙin fim mai dogon zango. A 2020 ne Labarina na Aminu Saira ya fara fita a Arewa24, kuma waƙoƙin da Naziru Sarkin Waƙa ya yi wa shirin sun shiga mutane ƙwarai. Waɗannan ba a yi musu hayaniya irin ta Jaruma ba, a hankali suka shiga, mako bayan mako, har mutum ya haddace bai sani ba. Masu nemansu a wurina galibi teloli ne da masu shago, mutanen da suke wuni a zaune suna son abin da za su saurari kalmominsa. Har yau ana tambayata su. Ka sa su cikin naka, don in waƙar zama ake so a ji magana, su ne.

Samari ƴan makaranta kuma sun yi ta Jerusalema ta Master KG, daga Afirka ta Kudu. Duniya duka ta yi rawarta a shekarar, mu ma ta iso mu, amma ba ta wuce matasa ba, tun da ba a jin abin da ake faɗa.

Wani ya rubuta maka cewa waƙoƙin siyasa ne suka fi ƙarfi a 2020. In ƙarar lasifika ake nufi, ya yi gaskiya. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 27 ga Disamba, aka je zagaye na biyu ranar 21 ga Fabrairu 2021, kuma tsakanin nan motocin kamfe sun hana Maraɗi barci, daga unguwar Zariya har ta Bagalam, kowace jam'iyya da mawaƙanta. Na tura su da yawa, wasu ma kyauta ake kawo mana su a ce mu raba. Amma ana gama zaɓe mutane suka riƙa zuwa a goge musu don su sami wurin sa wani abu. Ba zan ba ka shawarar sa su a kyautar uwargida ba.

Akwai abin da ya fi damuna, kuma tambayarka ce ta tayar mini da shi. Duk waɗanda na lissafa daga waje suka zo. Ba wai garin nan ba shi da mawaƙa ba ne. Nan ne garin Sa'adu Bori, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a hatsarin mota a 2008, kuma a watannin zaman gidan nan dattawa sun nemi waƙoƙinsa tare da na Shata da Ɗan Anace fiye da yadda na saba gani. Fati Nijar ma ƴar nan ce, amma sai da ta je Kano sunanta ya fita. A 2020 yaranmu sun yi aiki a ƙananan situdiyo na cikin unguwanni. Tun da babu taron biki, ango sai ya biya a yi wa amarya waƙa da sunanta da na iyayenta da na ƙawayenta, a tura wa dangi ta WhatsApp. Wasu daga cikinsu wallahi sun yi daɗi, da karin harshenmu na nan, ba kwaikwayon Kananci ba. Akwai kuma waɗanda aka yi a kan ruwan da ya rushe gidaje a daminar shekarar. To ina suke yanzu? Sun zo mana babu sunan mawaƙi, babu sunan waƙa, sai jerin lambobin da WhatsApp ke liƙa wa sauti. Memori ya lalace, salula ta faɗa ruwa, shi ke nan. Kwanaki wata baiwar Allah ta zo neman waƙar aurenta ta shekarar, muka buɗe tsohuwar kwamfutata muna saurare ɗaya bayan ɗaya har la'asar, ba mu same ta ba. Ta tafi tana share hawaye da gefen hijabi. Tun ranar, duk waƙar ɗan gari da ta shigo hannuna sai na rubuta mata suna da shekara kafin in ajiye, kuma ina roƙon abokan sana'a da ke karanta wannan su riƙa yin haka.

Game da jerin da aka ba ka: Warr da Chass na Ado Gwanja na 2022 ne, cire su in dai shekarar aurenku kake so zalla. Kada kuma ka dogara da ranar da ka gani a YouTube, don sau da yawa wani ne ya sake ɗora tsohuwar waƙa. Ka fara da Jaruma, ka bi da na Labarina, sannan ka tambayi ƙawayen amarya abin da suka riƙa saurare a ɗaki ranar da aka kai ta, tun da ko an hana taro ba a rasa salula ɗaya da ke kiɗa a ƙuryar ɗaki ba. In kuma akwai wanda ya yi muku waƙar suna a lokacin, nemi ta wurin dangi tun yanzu, ka ajiye ta wuri biyu.