Bakin kwanona ya leƙa gidan maƙwabci

Wani ɗan Maradi mazaunin Amurka ya rubuto: yana gini a unguwar Zariya, ƙanensa ke kula da aikin. Magini ya ɗora bango daidai kan iyaka, ya bar bakin kwano ya zarce kamu biyu zuwa gefen maƙwabci, maƙwabcin kuwa ya ce sai an yanke. Tambayarsa: tunda bangon yana cikin filinsa, ina laifin?

Ɗan'uwa, maƙwabcinka ne da gaskiya. Iyakar fili ba a ƙasa kaɗai take ba, tana miƙewa har sama. Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ta ce mai ƙasa shi ke da abin da ke samanta, aya ta 681 kuma ta ce kowa ya yi rufinsa yadda ruwan sama zai zuba a filinsa ko a kan hanya, ba a na maƙwabci ba. Kamu biyun nan, a sararin gidan wani suke.

Ka dubi inda kake zaune ma. Garuruwan Amurka suna tilasta barin tazara tsakanin gida da iyaka, da yawansu kuma suna yarda bakin rufi ya ci kamar ƙafa biyu daga cikin tazarar. Rangwamen a cikin filinka yake, bai ba ka izinin tsallakawa ba. Mu a gida mun saba manna ɗaki da katanga don tsakar gida ta yi faɗi, to nan ne rigimar ke fitowa.

Kada ka raina ƙorafinsa. Ka tuna ruwan Agusta a Maradi, yadda yake saukowa daga kwano kamar da bakin ƙwarya. In katangarsa ta laka ce, damina ɗaya ta isa ta cinye gindinta. Bayan ambaliyar da garin ya gani a daminar 2024, babu wanda zai yi shiru yana kallon ruwan wani yana sauka a jikin ɗakin da 'ya'yansa ke kwana.

Gyaran bai kai yadda kake tsoro ba. A yanke abin da ya zarce, a ɗaga bangon wannan gefen ya ɓoye bakin kwanon, a sa indararo ya juya ruwan zuwa tsakar gidanka ko bakin titi. A gefen titin ma kada a saki jiki da baranda ko rumfa. Ƙanenka ya ɗauki takardar fili da zanen gidan ya je ma'aikatar magajin gari, inda ake ba da izinin gini, ya ji nawa aka yarda a fito. Maradi gundumomi 3 ce, ya fara da wadda filin ke ciki.

Kafin ka sake aika ko dala, a turo maka bidiyo ta WhatsApp: a nuna turakun iyaka, a sako igiya da dutse daga bakin kwano, ka ga inda dutsen ya sauka. Hoton gaban gida da fenti ba ya nuna wannan, kuma shi aka fi son turo wa na waje.

Maƙwabcin kuwa, kai za ka kira shi da bakinka, ba ƙanenka ba. Ka gaishe shi, ka ce Baba an yi kuskure, za a gyara kafin ruwa ya sauka. In kun daidaita, a yi a gaban mai unguwa, a rubuta.