Yadda ake zama ɗan majalisa a Amurka, da abin da kujerar ke kawowa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan jin cewa tsarin shugaban ƙasa da Najeriya ta ɗauka a 1979 daga Amurka aka kwaikwayo shi. To a can ma sai mutum ya sami ubangida a jam'iyya, ya sayi fom mai tsada, kafin ya zama sanata ko ɗan majalisar wakilai? Nawa ake biyansu, kuma me suke yi idan sun bar kujera? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ubangida yana da amfani a can ma, sai dai tikiti ba a aljihunsa yake ba. Abubuwa biyu ne ke yanke wa ɗan siyasar Amurka hukunci tun daga ranar da ya fito har ranar da zai sauka: zaɓen fid da gwani, da kuma iya tara kuɗin kamfe daga hannun mutane da yawa.

Sharuɗɗan da kundin tsarin mulki ya gindaya ba su da yawa. Mai neman majalisar wakilai sai ya kai shekara 25, ya yi shekara 7 yana ɗan ƙasa, kuma ya zama mazaunin jihar da zai wakilta. Jihar aka ce, ba mazaɓar ba. Sanata sai shekara 30 da shekara 9 na zama ɗan ƙasa. Ba a neman takardar makaranta ko ɗaya. Kujerar shugaban ƙasa da ta mataimakinsa ne kawai aka keɓe wa wanda aka haifa ɗan ƙasa. Shi ya sa Ilhan Omar, wadda aka haifa a Somaliya ta zama 'yar ƙasa a 2000, ta shiga majalisar jihar Minnesota a zaɓen 2016, ta kuma ci kujerar tarayya a 2018. Shekarun ma ranar rantsuwa ake duba su. An zaɓi Joe Biden sanata a Nuwamba 1972 yana da shekara 29, ya cika 30 bayan mako biyu, aka rantsar da shi a Janairu 1973.

Batun fom kuwa, a galibin jihohi jam'iyya ba ta da fom ɗin da take sayarwa ta hana wanda ba ta so. Dokar kowace jiha ce ke faɗin yadda sunan mutum zai hau takardar ƙuri'a. A Kalifoniya mai neman majalisar wakilai zai biya kashi 1 cikin 100 na albashin kujerar, wato dala 1,740. A Texas dala 3,125 ne. A Fulorida ɗan takarar jam'iyya zai biya dala 10,440, ko ya kawo sa hannun masu zaɓe a maimakon kuɗin. Wasu jihohin sa hannun kawai suke karɓa, kuma a nan ne mutane da yawa suke faɗuwa tun ba a je ko'ina ba. Dole kowane mai sa hannu ya zama yana da rajistar zaɓe a mazaɓar, adireshinsa ya dace da na rajista, kuma abokin hamayya yana da damar ya bi takardun layi-layi ya shigar da ƙorafi. Barack Obama da kansa ta wannan hanya ya sami kujerarsa ta farko a majalisar dattawan jihar Illinois a 1996: mutanensa suka ƙalubalanci takardun abokan takararsa, aka cire sunayensu, ya shiga zaɓen fid da gwani shi kaɗai. A 2012 Thaddeus McCotter, ɗan majalisa mai ci daga Michigan, ya kasa kawo sahihin sa hannu 1,000 saboda ma'aikatansa sun cika takardun da na jabu, kujerar ta tafi ke nan. Saboda haka masu gogewa sukan tara ninkin abin da doka ta nema.

Sai zaɓen fid da gwani. A galibin jihohi hukumomin zaɓe na gwamnati ne ke gudanar da shi, kuma talakawa masu rajista ne ke kaɗa ƙuri'a a rumfa, ba deliget ɗari biyu da za a tara a otal ba. A Fulorida da New York sai wanda ya yi rajista da jam'iyyar zai yi zaɓen. A Texas da Michigan kowane mai zaɓe zai iya zuwa ya zaɓi ɓangaren da zai kaɗa. A Kalifoniya 'yan takarar duk jam'iyyu takarda ɗaya suke hawa, biyun da suka fi ƙuri'a su je babban zaɓe, ko da jam'iyyarsu ɗaya. A Jojiya idan babu wanda ya haura rabin ƙuri'u sai a je zagaye na biyu.

Me ya sa wannan zaɓe ya fi babban zaɓe muhimmanci ga mafi yawansu? Saboda bayan ƙidayar jama'a da ake yi duk shekara 10, a jihohi da dama majalisar jiha ce ke sake shata iyakokin mazaɓu, kuma jam'iyyar da ke da rinjaye takan zana su yadda za su yi mata daɗi. Sakamakon haka, cikin kujeru 435 na majalisar wakilai, kaɗan ne ake fafatawa ta gaske tsakanin Dimokurat da Rifablikan. Fiye da kashi 90 cikin 100 na 'yan majalisar da suka sake tsayawa suna komawa. Haɗarin yana cikin gida, a zaɓen da mutane ƙalilan ke fitowa, kuma waɗanda ke fitowar su ne masu ra'ayin riƙau. A Yuni 2018 Alexandria Ocasio-Cortez, tana da shekara 28, ta kayar da Joe Crowley wanda ya yi kusan shekara 20 a majalisa kuma yana cikin shugabannin Dimokurat. Ƙuri'un da aka kaɗa gaba ɗaya kusan 30,000 ne, a mazaɓar da mutanenta suka haura 700,000. A 2014 Eric Cantor, shugaban masu rinjaye na majalisar wakilai, ya kashe miliyoyin daloli ya sha kaye a hannun Dave Brat, malamin tattalin arziƙi da bai kashe ko rabin miliyan ba. Liz Cheney ta rasa kujerarta ta Wyoming a 2022 bayan ta juya wa Donald Trump baya. A wannan na ƙarshe za ka ga ubangida irin na can: Trump bai cire sunanta daga takarda ba, domin ba shi da ikon yin haka, goyon baya ya ba Harriet Hageman, masu zaɓe suka ƙarasa aikin. A ganinmu wannan tsari ya fi na deliget tsabta nesa ba kusa ba, amma yana da nasa aibin, domin yana sa ɗan majalisa ya ji tsoron sasantawa da ɗaya jam'iyyar ko da sasantawar ce maslaha.

Kuɗi kuma ga yadda suke tafiya. Da zarar mutum ya tara ko ya kashe sama da dala 5,000, doka ta ɗauke shi ɗan takara. Yana da kwana 15 ya yi rajista da FEC, hukumar da ke sa ido kan kuɗin zaɓen tarayya, ya kafa kwamitin kamfe mai ma'aji da asusun banki na daban. A zangon 2025 zuwa 2026 mutum ɗaya ba zai ba ɗan takara fiye da dala 3,500 a zaɓe guda ba, kuma fid da gwani da babban zaɓe biyu ake lissafa su. Tsabar kuɗi hannu da hannu ba za su wuce dala 100 ba. Wanda ya ba da sama da dala 200 sai an wallafa sunansa da sana'arsa kowa ya gani a intanet. Kamfani ba ya ba ɗan takara kai tsaye, baƙon da ba shi da katin zama na dindindin ma haramun ne a karɓi nasa. Shi dai ɗan takarar yana iya zuba dukiyarsa yadda ya ga dama. Babbar kafar da ta buɗe ita ce hukuncin kotun ƙoli na 2010 a shari'ar Citizens United, wanda ya share fage ga ƙungiyoyin da ake kira Super PAC. Suna karɓar ko nawa ne daga attajirai su yi talla, da sharaɗin kada su haɗa baki da ɗan takarar. Sharaɗin yana nan a takarda, aiwatar da shi ne mai rauni.

Tunda takarar da ake fafatawa tana cin miliyoyi, kuma wa'adin majalisar wakilai shekara 2 ne kacal, sabon ɗan majalisa yakan fara neman kuɗin zaɓe na gaba tun a watannin farko. Doka ta hana roƙon gudummawa daga ginin gwamnati, don haka sai ya taka zuwa ofishin jam'iyya da ke kusa da majalisa, ya zauna da jerin lambobi yana buga waya sa'o'i. Jam'iyyarsa ma tana yanka masa kason da zai kawo wa asusunta, kuma wanda ke son kwamiti mai maiƙo, irin na haraji ko na kasafin kuɗi, kasonsa ya fi girma. Ƙarfi a majalisar Amurka daga daɗewa yake zuwa, tunda babu iyakar wa'adi, kuma kotun ƙoli ta ce a 1995 jihohi ba su da ikon sanya shi. John Dingell ya yi shekara 59 a majalisar wakilai, Chuck Grassley yana majalisar dattawa tun 1981.

Albashi dala 174,000 ne a shekara ga sanata da ɗan majalisar wakilai baki ɗaya, kuma bai motsa ba tun 2009. Shugabannin masu rinjaye da marasa rinjaye suna karɓar 193,400, kakakin majalisa 223,500, shugaban ƙasa 400,000. Ana cire haraji a ciki. Kuɗi ne mai kauri idan aka gwada da na ma'aikacin Amurka, amma mai shi yana riƙe gida biyu, ɗaya a mazaɓa ɗaya a Washinton mai tsadar haya, har wasu suka riƙa kwana a ofis. Paul Ryan ya yi haka yana kakakin majalisa. Daga 2023 ne aka fara mayar wa 'yan majalisar wakilai kuɗin masauki da abinci na kwanakin zama. Kuɗin gudanar da ofis ya kusa dala miliyan 2, sai dai ba a asusunsa ake zuba su ba: albashin ma'aikata ne da hayar ofishin mazaɓa da tafiye-tafiye, abin da ya rage ya koma baitulmali. Dokar 1967 ta hana shi ɗaukar ɗansa ko matarsa ko ƙaninsa aiki a ofishin. Ba ya karɓar ladan jawabi, abin da zai samu daga wani aikin waje an taƙaita shi zuwa dala dubu talatin da 'yan kai, kyauta kuma ba za ta kai dala 50 ba. Majalisun jihohi, inda da yawa daga cikinsu ke fara koyon aikin, sun sha bamban ƙwarai: New York na biyan 142,000, Texas 7,200, New Hampshire dala 100 a shekara.

Inda suke zamewa sananne ne. Na farko taɓa asusun kamfe don buƙatar gida. Jesse Jackson ƙarami, ɗan majalisar wakilai daga Illinois, ya kashe kusan dala 750,000 ta haka, har da agogon zinare, aka yanke masa wata 30 a 2013. Na biyu cin hanci. Sanata Bob Menendez na New Jersey, tsohon shugaban kwamitin harkokin waje, an sami sandunan zinare da tsabar kuɗi sama da dala 480,000 a gidansa, kotu ta kama shi da laifi a Yuli 2024, ta ba shi shekara 11 a Janairu 2025. Ɗan majalisa ba shi da rigar kariya daga tuhumar aikata laifi. Amma kuma masu zaɓe ba su da ikon yi masa kiranye. Takwarorinsa ne kawai za su kore shi da kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, abin da ya faru sau 6 kacal a tarihin majalisar wakilai, na baya-bayan nan George Santos a Disamba 2023. Akwai kuma gurbin da doka ta bari a buɗe, wato cinikin hannun jari. Dokar 2012 ta ce a bayyana duk cinikin da ya haura dala 1,000 cikin kwana 45, amma tarar jinkiri dala 200 ce, kuma mutumin da ke zaune a kwamitin da ke tsara wa kamfanoni doka yana iya riƙe hannun jarinsu. Wannan a wurinmu shi ne babban tabon tsarin.

Fansho ba ya zuwa kai tsaye kamar yadda ake yaɗawa. Sai an yi aƙalla shekara 5, a fara karɓa a shekara 62. Wanda ya yi shekara 20 zai fara a 50, mai shekara 25 kuma ko yaushe. Ɗan majalisar wakilai da ya yi zango biyu ya faɗi, in dai bai taɓa wani aikin gwamnatin tarayya ba, ya tashi a tutar babu. Ga waɗanda suka shiga daga 2013, lissafin kashi 1 cikin 100 ne na albashi sau yawan shekarun aiki, wato mai shekara 10 zai sami kimanin dala 17,400 a shekara.

Arziƙin yana zuwa ne bayan an sauka. Tsohon ɗan majalisa ya san yadda ake rubuta doka, ya san wanda za a kira a waya, kuma kamfanoni suna biyan wannan sani da tsada. Doka ta hana tsohon sanata kamun ƙafa a majalisa a madadin wani har shekara 2, tsohon ɗan majalisar wakilai shekara 1. Sai dai hanin ya tsaya ne kan tuntuɓar 'yan majalisa da ma'aikatansu, bai hana shi zama mai ba da shawara yana nuna wa wasu ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Billy Tauzin ya jagoranci kwamitin da ya taka rawa wajen dokar magunguna ta 2003, ya bar majalisa a 2005 ya zama shugaban ƙungiyar kamfanonin magunguna. John Boehner ya ajiye muƙamin kakaki a 2015, a 2016 ya shiga kamfanin lauyoyi na Squire Patton Boggs da hukumar daraktocin kamfanin taba na Reynolds American. Shi kuwa Cantor da Brat ya kayar, ya yi murabus a Agusta 2014, makonni kaɗan bayan haka bankin saka jari na Moelis ya naɗa shi mataimakin shugaba da albashin da ya ninka na majalisa.