Wane shiri zan yi wa Baba kafin ambaliya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya tsufa, ɓarin jikinsa ya shanye, kuma yana fama da ciwon suga wanda ake yi masa allurar insulin a gida. Ɗakinsa na ƙasa ne, kusa da fadama, kuma ni ce ke jinyarsa. Wane shiri ya kamata in yi kafin damina ta yi nisa?
Daga wata mai karatu a Argungu

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka miki da alheri.

Babban abin da nake so ki riƙe shi ne, mutumin da ba ya iya tashi da kansa ba a jiran ruwa ya iso ƙofar gida kafin a ɗauke shi. Mutanen Kebbi ba su manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta cinye gonakin shinkafa, ta rusa gidaje, ta kuma yanke hanyoyi. Ruwan Gulbin Rima yakan tumbatsa ne a watannin Agusta da Satumba, musamman idan aka saki ruwa daga madatsar Goronyo, shi kuwa bangon ƙasa idan ya sha ruwa, zai iya ruftawa cikin dare kafin ambaliyar ma ta iso. Saboda haka tun yanzu ki zauna da 'yan uwanki maza ku tsayar da gidan da za a kai Baba a kan tudu, da mutanen da za su ɗauke shi, da mai mota ko mai a-daidaita-sahun da za a kira, sannan ku sanar da mai unguwa cewa akwai majinyaci a gidanku. Da zarar kun ji gargaɗin hukumar hasashen yanayi ta ƙasa (NiMet) ko na hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha a rediyo, ku kai shi, ko da ƙasa ba ta jiƙe ba. Mai yiwuwa Baba ya ƙi barin ɗakinsa, kamar yadda dattawa sukan yi, don haka ku fara lallashinsa tun da wuri.

Ki tanadi jaka guda wadda ba za a taɓa ba sai ranar tafiya, ki zuba maganin da zai kai mako biyu, da sirinji, da katin asibiti, da takarda mai ɗauke da sunayen magungunansa da yadda yake shan su, duka a ƙulle cikin leda. Ki haɗa da tocila da zannuwa busassu. Insulin ba ya son zafi, don haka idan babu wuta, ki ƙulle kwalbar a leda ki ajiye ta cikin ƙaramar tukunyar ƙasa da aka zagaye da jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. Ki tambayi likitansa tun yanzu yadda za a yi da allurar a ranar da Baba bai samu cin abinci ba, domin yin ta da yunwa na iya sauke sugansa har ya suma.

A wurin da kuka sauka, ki ci gaba da juya shi duk bayan awa biyu, kada ya kwanta a kan jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, domin gyambon kwanciya ba ya saurin warkewa a jikin mai ciwon suga. Ruwan shansa kuma a tafasa shi, saboda rijiyoyi sukan gurɓace bayan ambaliya. Idan amai da gudawa suka kama shi, ki fara ba shi ruwan gishiri da suga na fakiti, a garzaya da shi asibiti a ranar.