Tambaya Da Amsa: Borrow Ko Lend?

Wata mai karatu daga Zariya ta rubuto: "Malam, malamarmu ta ja min jan biro da na rubuta borrow me your pen, wai ina kuskuren yake?"

To 'yar'uwa malamarki ta yi daidai. Mu a Hausa kalmar aro guda ce, ka ara min, na ara a wurinka, shi ya sa muke rikicewa, amma Turanci ya raba su gida biyu. Mai karɓa shi ke borrow, mai bayarwa kuma lend. Don haka ki ce lend me your pen, ko may I borrow your pen. Ki kula sosai don Allah, a jarabawar WAEC irin wannan na cinye maki, kuma in abu ya wuce lent ake cewa, ba lended ba.