Amsa ga Hajiyar da ke shirin kai iyali Tenerife

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce ku da maigida kuna so ku kai yara Tenerife, tsibirin nan na ƙasar Sifen, hutun Disamba, kina tambaya ko akwai abin gani ban da bakin teku, kuma ko dutsen nan mai aman wuta, Teide, ba shi da haɗari. To bari in faɗa miki abin da na gani da idona.

Batun tsoro dai ki kwantar da hankalinki. Rabon da ƙasa ta yi aman wuta a tsibirin tun 1909, a wani wuri da ake kira Chinyero, wanda kuwa kika gani a labarai a 2021 yana cinye gidaje a La Palma ne, wani tsibirin daban duk da dai su biyun cikin tsibiran Kanari suke, kuma akwai masana da aikinsu kenan dare da rana, sa ido kan motsin ƙasa.

Abin da nake roƙonki shi ne kar ku je ku zauna a otal a kudu, wajen Los Cristianos ko Costa Adeje, daga ɗaki sai ruwa daga ruwa sai ɗaki, wallahi in kuka yi haka kun biya kuɗin jirgi ne kawai ba ku ga tsibirin ba. Ku ɗauki hayar mota, in ba hali motocin bas na kamfanin TITSA suna zuwa kusan ko'ina, ku hau sama wajen Teide. Tsawonsa mita 3,715, duk ƙasar Sifen ba dutsen da ya kai shi. Hanyar kanta abin kallo ce, za ku ratsa dajin itatuwa, can sai ku shiga cikin gajimare ba ku ganin gabanku sosai, kwatsam ku ɓullo ta samansa rana tar, gajimaren ya shimfiɗu a ƙarƙashinku har iya ganinku. Daga nan sai fili fetal na narkakken dutsen da ya daskare, baƙi da ja da ruwan ƙasa, babu inuwa babu ƙarar komai. Ni dai a wajen duwatsun Roques de García na tsaya ina ta tasbihi, don wurin yana sa mutum ya tuna girman Allah ko bai yi niyya ba.

Akwai keken igiya, Teleférico suke ce masa, yana ɗauka daga mita 2,356 ya kai ku 3,555 cikin kamar minti 8. Ki sayi tikiti ta intanet tun kafin ku taso, kuma ki sa shi a farkon hutun don in iska ta yi ƙarfi rufewa suke, sai ku samu damar sake rana. Ba sa ɗaukar mai ciki da yaran da ba su kai shekara 3 ba, mai ciwon zuciya ma an hana. Ƙarasawa can ƙololuwa da ƙafa sai da takardar izini, da yara kam ban ba ki shawara ba. Sannan don Allah rigunan sanyi masu kauri, a Disamba kuna iya barin zafi a bakin ruwa ku tarar da ƙanƙara a sama, kuma numfashi yana yin nauyi, a riƙa tafiya a hankali ana shan ruwa.

Wata ranar ku yi arewa. Garachico ƙaramin gari ne da aman wutar 1706 ta cike masa tashar jiragen ruwa, yanzu inda dutsen ya gangara teku ya zama ƙananan tafkuna da ake wanka, El Caletón, amma in igiyar ruwa ta tashi kar a bar yaro ya matsa ko kusa. Garin Icod na nan gefe da tsohuwar bishiyar da ake kira Drago. In da sauran ƙarfi ku shiga dajin Anaga, kore shar ga sanyi ga laima, sai dai hanyar kwana-kwana ce, mai jin amai a mota ya sha magani. Yara kuma za su fi son jirgin ruwa daga Los Gigantes, ana ganin kifayen dolfin da manyansu a ƙarƙashin dogayen duwatsun da ke bakin tekun wurin.

Rairayin bakin teku da yawa baƙi ne ƙirin, kuma da tsakar rana yana ƙona ƙafa, ki sa musu takalmi. Na Las Teresitas kusa da Santa Cruz shi ne mai ruwan zinare, daga Sahara aka kwaso shi. Dama tsibirin bai wuce kamar kilomita 300 daga gaɓar Afirka ba, shi ya sa wani lokaci ƙura ke tasowa ta rufe sama, calima suke kiranta, hazonmu ne na hunturu sak, in yaronki yana da asma ki tafi da abin shaƙarsa.

Abinci ki riƙa tambaya, naman alade yana shiga miya da wake ba tare da an rubuta ba. Mu kifi muka riƙe da dankalinsu da ake dafawa da gishiri, papas arrugadas, da ɗan yajinsu mojo, a kudu kuma akwai shagunan halal na 'yan Maroko, su za su nuna wa maigida masallacin Juma'a mafi kusa. In biza kuke buƙata ta Shengen ce, wato ta shiga ƙasashen Turai, ku nema da wuri don Disamba cunkoso ake. Allah ya kai ku lafiya Hajiya, a gaida yara.