Amsa: Injin dizal yana mutuwa idan ya yi zafi

Ɗan'uwa, ka ce motarka tana mutuwa idan injin ya ɗau zafi, ba ta sake tashi sai ta huce, kuma kwamfuta ta nuna P0335. Wannan lambar ta layin sensar kiranshaf ce, wato na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwar injin yadda injin ke juyawa, amma don Allah kada ka yi saurin sayen sabuwa.

Fara da kallon allurar rpm (mai nuna saurin juyawar injin) lokacin da kake ba ta kik. In ta kwanta ko motsi babu, ƙwaƙwalwar injin ba ta ganin juyawa, shi ya sa ba ta sakin mai. Sai ka cire soket ɗin sensar ka duba ko mai ya shiga ko ya yi tsatsa, ka bi wayar da hannu, musamman inda ta ratsa kusa da wurin zafi. Ni sau da yawa a nan nake samun matsalar.

Ciro sensar ka dubi bakinta. Maganaɗisu ne, yakan tara garin ƙarfe kamar gashi, goge shi tas. In mai waya 2 ce, auna ohm ɗinta (juriyar wuta) da mita tana sanyi, ka sake aunawa tana da zafi. Wadda ta lalace takan yanke ne idan ta ɗumama. Ɗaya irin da ake kira Hall, mai waya 3, kuwa ba a auna ta haka, sai dai ka tabbatar wutarta, galibi volt 5, tana zuwa.

Batir ma ka gwada, raunin kik yana rage siginar. In lambar P0016, mai nuna taimin ɗin injin bai daidaita ba, ta biyo baya, to ka duba sarƙar taimin, wataƙila ta saki ko ta tsallake haƙori.